Amsar Wasiƙunku: Takardar "Wane Ya Warke" Hujja Ce?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga wani manomi take, mai fama da ciwon sukari. Ya ce ranar kasuwa wani mai tallar magani da lasifika ya nuna masa takarda da Turanci, wai rahoton likita ne a kan wani mutum da ya sha maganin ya warke. Yana tambaya, ko ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma wannan?

To malam, kada ka ajiye. Gaskiya ne likitoci sukan rubuta labarin majinyaci guda su buga don 'yan'uwansu su karanta, kuma abin yana da amfani. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta rasu, ta uku aka kai ta Amurka ta tsira. Labarin mutum ukun nan da aka buga a 1970, shi ya sanar da duniya zazzaɓin Lassa. Sai daga baya aka gano ɓera ne ke ɗauke da cutar.

Amma fa aikin irin wannan rahoto jan hankali ne, don a bincika. Ba ya tabbatar da cewa magani yana aiki. Kai manomi ne, ka san ba a yanke wa iri hukunci da kunya guda.

Su kansu likitoci sun lura rahotanni da yawa ba su cika ba, shi ya sa a 2013 suka fito da ƙa'idoji 13 da ake kira CARE. Ka sami ɗan makaranta ya karanta maka takardar, ka saurara. An faɗi shekarun majinyacin da ranar da ciwon ya fara? Wane gwaji ya tabbatar sukari ne? Nawa ya sha, kwana nawa, kuma me yake sha tare da shi? Nan ne aka fi yin rufa-rufa, domin mai yiwuwa bai daina ƙwayoyin asibiti ba. An sake auna jininsa bayan watanni? An ambaci illar da maganin ya yi masa? Ina sunan likitan da mujallar da ta buga?

In babu waɗannan, talla aka nuna maka. Ka tafi da kwalbar da takardar ranar da za ka koma awo, ka nuna wa likitanka.