Ganyen Miya Da Maganin Tsinka Jini: Jan Kunne Ga Manoman Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga birnin Kano a tsakiyar damina, da zarar ya iso Dawanau ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa zai ga gonaki sun yi kore shar, gida na bin gida, gona na bin gona. A wannan lokaci ganye ya wadata a kowace tukunya: ga zogale, ga rama, ga alayyafo, ga yakuwa da tafasa. Wannan ni'ima ce daga Allah, amma akwai wasu bayin Allah da ya kamata su yi hattara da ita, watau waɗanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini mai suna warfarin.

Akan ba da wannan magani ga wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu, da mai bugun zuciya marar daidaito, da kuma wanda aka yi wa aiki aka sa masa 'yar ƙofar zuciya ta ƙarfe. Da yawa daga cikin masu zuwa ganin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ciwon maƙogwaro ne da ba a kula da shi ba tun suna yara ya lalata musu zuciya.

Asalin maganin kansa daga gona ya fito. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Kanada da arewacin Amurka bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Masanan Jami'ar Wiskonsin suka gano sinadarin da ke haddasa haka, aka fara sayar da warfarin a 1948 a matsayin gubar ɓera, kana a 1954 aka yarda a ba ɗan Adam bisa awo.

To, ina ruwan ganye a ciki? Hanta tana amfani da bitamin K, wanda wani masanin ƙasar Denmak, Henrik Dam, ya gano a 1929, wajen haɗa abubuwan da ke sa jini ya tsaya idan an ji rauni. Aikin warfarin shi ne ya rage wa wannan bitamin ƙarfi. Koren ganye kuwa shi ne gidan bitamin K, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta maikirogiram 120 ga namiji a rana, 90 ga mace, alhali giram 100 na ɗanyen alayyafo yana ɗauke da fiye da 1,000.

Saboda haka idan mai shan magani ya wuni yana cin kwaɗon zogale mako guda cur, ƙarfin maganin zai ragu, gudan jini na iya tafiya ƙwaƙwalwa ya shanye masa ɓarin jiki. Idan kuma rani ya yi, ganye ya yi wuya ya daina ci kwatsam, sai maganin ya yi yawa, dasashi ya fara zubar da jini, haɓo ya ƙi tsayawa, ko a ga jini a fitsari ko baƙin bayan gida.

Maiƙo ma yana da nasa rabo, domin bitamin K a cikin mai yake narkewa, ganyen da aka zuba wa mai ya fi shiga jiki. Man waken suya, wanda wakensa ke cike da kasuwar hatsi ta Dawanau, yana da bitamin K mai yawa, man gyaɗa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Uwargidan da ta sauya mai saboda tsada ta sauya abin da mijinta ke ci ba tare da ta sani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa a ƙaurace wa ganye. Abin da likitoci ke nema shi ne daidaito: gwargwadon da aka ci jiya, shi za a ci gobe, sai a auna maganin a kansa. Ma'aunin kuwa shi ne gwajin jini da ake kira INR, wanda ga mafi yawan marasa lafiya ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ya dace a sake gwaji idan damina ta faɗi, da lokacin kaka, da kuma kafin azumi, domin cima takan sauya a waɗannan lokuta.

Haka nan a guji sayen asfirin, Flagyl ko maganin ciwon gaɓɓai a wurin masu talla, domin suna ƙara haɗarin zubar jini, maganin tarin fuka kuwa yana rage ƙarfin warfarin. Jiƙo da tsimi ma sai an shaida wa likita. Mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka ta faɗa tun da wuri, don maganin yana cutar da ɗan tayi.

Akwai sababbin magunguna irin su rivaroxaban waɗanda ganye ba ya taɓa aikinsu, amma suna da tsada, ba a ba mai ƙofar zuciya ta ƙarfe, kuma wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna warfarin ya fi su amfani ga mai bugun zuciya marar daidaito wanda ciwon maƙogwaro ya lalata wa zuciya.

Muna roƙon magidanta su riƙa tafiya asibiti tare da matansu, domin wadda ke riƙe da ludayi ita ya fi kamata ta ji bayanin likita. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.