"Gulp": kalmar da ke kwankwaɗar ruwa, take lashe miliyoyi

Duk mai leƙa jaridun Najeriya a wayarsa yana yawan cin karo da kalmar "gulp" a kanun labaran kwangila. Mu da muka yi karatu da Faransanci, wasunmu na ɗaukar ta da ma'anar an yi sama da faɗi da kuɗin jama'a. Kafin a zargi wani, ya kamata a san abin da kalmar take nufi.

A turancin Ingilishi, "gulp" na nufin haɗiye abu da sauri kuma da yawa, wato abin da Bahaushe ke cewa kwankwaɗa, ko lanƙwamewa in abinci ne. Ta bambanta da "swallow", wadda ke nufin haɗiya kawai, da "sip", wato kurɓa kaɗan-kaɗan kamar mai shan shayi. Mai azumin da ya ɗaga moɗa bayan kiran magariba a zafin watan Afrilu, bai sauke ba sai da ta ƙare, shi ne ya yi "gulp". Idan aka ce "in one gulp", ana nufin a zuƙa ɗaya, abin da Faransawa ke cewa "d'un trait". Masana harshe na ganin kalmar kwaikwayon ƙarar maƙogwaro ce, kamar yadda kwankwaɗa take a Hausa.

Ana kuma amfani da ita ga wanda tsoro ya sa shi haɗiyar yawu, ko wanda ya fito daga ruwa yana zuƙar iska da ƙarfi.

To, ina batun kuɗi? Ƴan jaridar Najeriya sun saba cewa aiki zai "gulp" kuɗi kaza, ma'ana zai ci ko zai lashe wannan adadi. Misali, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda gwamnatin Najeriya ta amince da kwangilarsa a 2020 kan kusan dala miliyar 2: in an ce ya "gulp" wannan kuɗi, tsadar aikin ake faɗa. Kalmar na nuna kuɗin na da yawa, amma ba ta ce an sace ba. Sata a hukumance tana da kalmarta, "embezzle", daidai da "détourner".

Sai gargaɗi ga ɗaliban da ke shirin jarrabawar BEPC da bak. Harshenmu bai raba "p" da "f" ba, don haka "gulp" kan koma "gulf" a bakinmu, alhali "gulf" mashigin teku ne, kamar na Gine. A rufe leɓɓa gam a ƙarshen kalmar, sai ta fita daidai.

Saboda haka, kafin ka tura labari a WhatsApp cewa wane ya haɗiye kuɗin hanya, sake duba jimlar: mutum aka ce ya haɗiye, ko aikin?