Idan Fitilar Uwar Garke Ta Koma Ja

A duk ma'aikatar da ke da ɗakin kwamfuta akwai waɗansu manyan injuna jere cikin kabad na ƙarfe, waɗanda ake kira uwar garke. Yawancin ma'aikata ba su taɓa ganinsu ba, amma kuwa a cikinsu ne lissafin albashi da wasiƙun ofis da sakamakon jarrabawar ɗalibai suke kwana. Shi ya sa ran da wata 'yar fitila ta koma rawaya ko ja a goshin ɗayansu, sai hankalin injiniya ya tashi.

Dalili kuwa shi ne, a yanzu inji ɗaya ba aiki ɗaya yake yi ba. Akan sa masa wata manhaja wadda ke raba ƙarfinsa gida-gida, har ya zama tamkar kwamfutoci ashirin ko talatin, kowace da aikinta, kamar dai gidan haya mai ɗakuna da yawa. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da irin wannan dabara a kasuwa cikin 1972, sa'an nan VMware ya kawo ESX cikin 2001, aka shigar da KVM cikin Linux a 2007, Microsoft kuma ya biyo da Hyper-V a 2008. Dabarar tana rage kuɗin sayen injuna da na wuta, amma fa in rufin gidan ya faɗi, duk 'yan hayan ne za su kwana a waje.

Gargaɗin kansa yakan fito ne daga wani ɗan ƙaramin mai gadi da ke manne cikin injin, wanda ke aiki ko an kashe injin, muddin yana jone da wuta. Dell na kiran nasa iDRAC, HP kuma iLO, kuma tun 1998 aka tsara ƙa'idar IPMI don yin magana da irinsu. Shi ne ke auna zafi da gudun fanka da ƙarfin lantarki, yana rubuta kome cikin wani kundi.

Saboda haka abu na farko da gwanin injiniya ke yi shi ne ya gwada abin da manhajar rabon ta faɗa da abin da mai gadin ya rubuta, domin ita manhajar 'yar aike ce kawai. In bakinsu ya zo ɗaya, to, ciwon na gaske ne. In sun saɓa, sau da yawa manhajar da ke jikin injin ce ta tsufa ba a sabunta ba. Wani lokaci ma kundin ne ya cika, gama wurinsa kaɗan ne, sai ya ta da gargaɗi alhali ba abin da ya lalace. Maganinsa shi ne a kwafe kundin tukuna, kana a share shi. Wanda ya share bai kwafa ba ya zubar da shaidarsa da hannunsa.

In ciwon na gaske ne, sai a duba inda yake. Akwatin ba da wuta biyu ake sa wa irin waɗannan injuna, don haka gargaɗinsa yakan zama waya ce ta saki, ko kuwa layi ɗaya ya ɗauke. Game da zafi, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki ta Amurka, watau ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga injin ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A ƙasar da ƙurar hunturu ke toshe ragar iska, zafin bazara kuma ya zo da ɗaukewar wuta, wannan gargaɗi ba abin wasa ba ne.

Ƙwaƙwalwar aiki ta uwar garke tana gyara ƙananan kurakurai da kanta. Kuskure ɗaya jefi-jefi ba kome ba ne, amma in ya riƙa maimaituwa a sanda ɗaya, a canza ta tun kafin ta yi kuskuren da ba ya gyaruwa, wanda kan tsai da injin ɗungum. Faifan ajiya kuwa a ƙungiya ake haɗa su. Tsarin RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuma biyu. A nan ne gaggawa ke yin ɓarna, domin in faifai ɗaya ya mutu a RAID 5, aka zare mai lafiya bisa kuskure, sai dukan bayanan su shiga haɗari. Shi ya sa ake kunna fitilar shaida ta faifan da ya mutu kafin a taɓa shi.

Kafin a buɗe injin, akan kwashe 'yan hayan zuwa wata uwar garke suna cikin aiki, abin da VMware ya fara cikin 2003 da sunan vMotion. Wannan ba ya yiwuwa sai in an bar wa sauran injunan sararin karɓar baƙi, kuma an tanadi kayan canji a sito, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban laifi a wannan sana'a shi ne a kashe gargaɗi don ya dami mutane, ba tare da an gano dalilinsa ba. Shugaban ma'aikatar da aka kai wa takardar neman kuɗin fanka ko faifai guda ya kamata ya tuna cewa albashin ƙarshen wata yana iya rataya a kan wannan ɗan abu.