TSOFAFFIN TAILAN: MATA SUN FI FAƊUWA, MAZA SUN FI MUTUWA

Mutanen ƙasar nan da dama ba su san Tailan ba sai ta buhun shinkafa. To, manoman da suka noma wannan shinkafa yanzu tsufa ya cim musu. Tun 2005 masu shekara 60 zuwa sama suka haura kashi 10 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, yau kuwa sun kai ɗaya cikin biyar. Cikin abubuwan da ke damun likitocin can game da su har da faɗuwa.

Tsayuwa kyam ba ƙaramin aiki ba ne, sai dai mai ƙuruciya bai sani ba. Ido ne da can cikin kunne da tafin ƙafa ke kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta umarci tsokar ƙafa ta gyara tsayuwa kafin mutum ya yi tangaɗi. Tsufa kuwa duk yana rage musu kaifi. Likitoci kan gwada tsoho da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ko su sa shi ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, suna duban agogo.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar tsakanin 2008 da 2009 ya nuna kimanin kashi 22 cikin ɗari na tsofaffin mata sun faɗi cikin wata shida, maza kuwa kimanin kashi 14. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙarfin cinyar mace bai kai na namiji ba, ciwon gwiwa ya fi kama ta, sa'an nan ta fi shi tsawon rai. Bayan ɗaukewar haila kuma ƙashinta yakan rage ƙwari, har santsi kaɗan ya karya mata ƙugu. Wannan karaya takan kwantar da tsohuwa kwanciyar da da wuya ta tashi. Gidan ma bai taimaka mata ba: a ƙauyuka akwai gidajen katako a bisa dirkoki saboda ambaliya, sai an taka tsani, ga makewayi kullum jiƙe da ruwa.

Amma fa in aka zo lissafin waɗanda faɗuwar ta kashe, sai magana ta juya: maza ne a gaba, a Tailan da ma duniya baki ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Namiji ya fi yin kasada, ya hau tsani ko bishiya ko rufin ɗaki, jiki yana faɗa masa ya tsufa, zuciya tana ƙaryatawa. Giya ma tana da nata kason.

Ƙasar tana da 'yan sa kai na kiwon lafiya fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mata, masu bi gida-gida a ƙauyuka. Shawarar da hukuma ke bayarwa ba ta da tsada: a kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a haskaka bakin tsani, a duba idon tsoho da magungunan da yake sha, a kuma sa shi motsa ƙafa kullum.