Idan lamuni ya koma cikin kwamfuta: darasi daga kasuwar shanu ta Potiskum

Kasuwar shanu ta Potiskum na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma kaso mai yawa na cinikinta a kan lamuni yake tafiya. Falke ya loda shanu zuwa Legas, dillali ya tsaya masa, sai an sayar a dawo a yi lissafi. In saɓani ya taso, shugabannin kasuwa su zauna su raba gardama.

Masu fasahar bulokcen, wato kundin ciniki na bai-ɗaya da ke kan intanet, sun ƙirƙiro makamancin wannan tsari, wanda za a iya kira kafar gefe. Mutum biyu su kulle kuɗi a cikin wata kwangilar kwamfuta mai zartar da kanta, sannan su ci gaba da hulɗa a tsakaninsu. Duk lokacin da lissafi ya sauya, su sa hannu a kan sabon lissafi mai lamba ta gaba. Ba a komawa babban kundi sai ranar rufewa. A kan wannan tunani aka gina Lightning, wanda Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka fara bayyanawa a 2015.

Rigima takan tashi idan ɗaya ya gabatar da tsohon lissafin da ya fi masa riba. Nan kwangilar takan buɗe wa'adin ƙalubale, wanda a Lightning yakan kama daga kimanin kwana ɗaya zuwa mako biyu. Idan abokin cinikin ya kawo hujja kafin wa'adi ya cika, mai zamba ya rasa dukan abin da ya kulle. Idan bai bayyana ba, tsohon lissafin ya tabbata, babu ɗaukaka ƙara.

Mutanen Yobe sun san hatsarin wannan sharaɗi. Bayan ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013, an katse layukan waya a jihar na makonni. Da a lokacin dukiyar falke tana cikin irin wannan kafa, da wa'adi ya shuɗe bai sani ba. Shi ya sa masana suka samar da masu gadi, kwamfutocin da ke sa ido a madadin wanda ya ɓace daga layi. Haka kuma kwangilar sa hannu kawai take tantancewa; ba ta san ko sa ya mutu a hanya ba.

Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar bulokcen ta ƙasa a watan Mayun 2023. Ya kamata jami'an da ke tsara ƙa'idojin aiwatar da ita su wajabta wa'adi mai tsawo da tanadin masu gadi, su kuma bar ƙofar sulhu ta ɗan'adam a buɗe domin rigimar da ta shafi kaya.