Sa'ad Da Jini Ya Komo Ƙafa

'Yan'uwa, mu da muke ziyarar marasa lafiya daga ikilisiyoyinmu mun sha jin wannan kuka a bakin gado: "An ce aiki ya yi kyau, jini ya koma ƙafar, to, don me ta fi jiya kumbura?" Wani ma har ya fara zargin likita.

Zancen ya shafe mu ƙwarai a Wurno da Rabah da Goronyo. Kububuwa ta sari manomi a gonar albasa, a ɗaure ƙafar tamau da roba. Yaro ya faɗo daga babur, mai ɗori ya matse karayar da karare da tsumma. Kafin a kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, awoyi sun shige, alhali tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa 6. Likitoci ma, in sun tsai da jini don fiɗa, ba su son ya wuce awa 2.

Abin mamakin shi ne komowar jinin ma tana da tata ɓarnar. Iskar da jini ya kawo takan tarar da naman da ya galabaita, sai ta haifar da sinadarai masu cin bangon ƙananan jijiyoyi. Fararen ƙwayoyin jini su manne a wurin, jijiyoyin su yi yoyo, ƙafa ta kumbura har kumburin ya sake toshe hanyar. Shi ya sa likita kan tsaga fata da gangan, ya bar ta a buɗe. Dangi kan ga kamar mugunta ce. Ceton ƙafar ake yi.

Dattin da ya taru kuma yakan bi jini zuwa zuciya da ƙoda. A 1941 likita Eric Bywaters ya bayyana haka a Landan, ga mutanen da aka zaro da rai daga ƙarƙashin gine-ginen da bam ya rushe, ƙodarsu ta tsaya bayan 'yan kwanaki.

Saboda haka kada mu ɗaure saran maciji tamau. In an riga an ɗaure ya daɗe, kada a kwance a hanya, sai a gaban ma'aikacin asibiti, a kuma faɗa masa lokacin da aka ɗaura. Mai jinya ya lura da fitsari: in ya ragu ko ya yi duhu kamar baƙin shayi, a kira nas, ko da tsakar dare ne.