Idan Ido Ya Taimaki Kunne a Ajin Kiɗa

A darasin kiɗa babu abin da ke wahalar da ɗalibi kamar jituwar sauti, wato dalilin da ya sa wasu sautuka uku ke zama lafiya idan aka kaɗa su tare, wasu kuwa su sa kunne ya ƙi karɓa. Malami zai rubuta haruffa a allo, C da E da G, yaro ya haddace ya ci jarrabawa, amma a sa shi gaban fiyano ya rasa inda zai ɗora yatsa. Sauti ba ya tsayawa a dube shi, shi ya sa tun da daɗewa malamai suke neman hanyar zana shi.

A ƙarni na 11, Guido na garin Arezzo a Italiya ya tsara layukan da ake ɗora sautuka a kansu, sama ko ƙasa gwargwadon tashin murya. A Bagadaza, Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta Kitabul Adwar, inda ya jera hanyoyin waƙa cikin da'irori. Zanen da ya fi yaɗuwa a makarantu yau shi ne da'irar biyar-biyar, wadda ta bayyana a littafin Nikolai Diletsky a shekarun 1670.

Da'irar tana kama da fuskar agogo. Sautuka 12 ne a jere: C a mazaunin ƙarfe 12, G a ƙarfe 1, D a ƙarfe 2, haka har a zagayo kan F a ƙarfe 11. Jerin yana da tushe a cikin tsirkiya kanta. Idan aka danne ta aka bar kashi biyu cikin uku yana rawa, sautin da zai fito shi ne maƙwabcin sautinta na farko a da'irar, domin yana girgiza sau uku yayin da wancan ke yin biyu. Da zarar ɗalibi ya ga C a tsakanin F da G, ya riƙe haɗe-haɗe ukun da ɗimbin waƙoƙin duniya ke tafiya a kansu. Idan mawaƙiya ta ce waƙar ta yi mata ƙasa, sai ya matsa gaba a da'irar, siffar tana nan yadda take. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar liƙa zanen a bangon kowane ajin kiɗa.

Akwai kuma ragar sauti da masanin lissafi Leonhard Euler ya zana a 1739, Hugo Riemann da wasu suka faɗaɗa ta daga baya. A cikinta kowane haɗin sauti uku ɗan alwatika ne. Kifa alwatikan C, E, G ta gefe guda, sai ka sami A, C, E: sauti ɗaya tak ya sauya, amma waƙar ta juya daga fara'a zuwa jimami. Wannan raga ta fi dacewa da 'yan babbar sakandare.

Inda nake da damuwa shi ne ajin da zane ke ciki, sauti babu. A sa yaro ya kwafi da'ira da launuka masu kyau bai taɓa jin C da G tare ba, ai an mayar da shi gidan jiya na hadda. Ko babu fiyano, a raba aji gida uku, wasu su riƙe do, wasu mi, wasu so, wato C da E da G, malami yana nuna wurin a allo.

Matasan da ke haɗa kiɗa a situdiyoyin Kano sun riga sun saba ganin sauti a matsayin sanduna a fuskar kwamfuta, don haka zanen ba zai zame musu baƙo ba. Sai dai a gaya wa ɗalibi gaskiya: an gina da'irar ne kan sautuka 12 na fiyano. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce, kalangu kuwa hawa da saukar harshe yake bi, kuma gwanintarsu tana cikin kari da amshi, abin da da'irar ba ta nunawa. Zanen da zai nuna su yana jiran malaman kiɗa na kwalejojin ilimi su zauna da makaɗa su fitar da shi.